Amsa ga ƙanina mai tambaya kan usur ɗin alƙalin wasa

Assalamu alaikum.

Ƙanina, a taron ɗalibai masu ƙwallon kwando ka tambaye ni gaban jama'a: a wasannin jami'o'in Amurka da kuke kallo, ɗan wasa ne ke bin alƙali ko alƙali ne ke bin ɗan wasa? Lokaci bai bari na amsa ba, ga amsar.

Ɗan wasa ne ke fara bi, kuma dole ce ta sa. A gasar NCAA ta maza, wato ta jami'o'in Amurka, minti 40 ake yi, kashi biyu, kuma laifi biyar ke fitar da mutum, ba shida ba kamar NBA, gasar ƙwararru ta Amurka. Shi ya sa mintunan farko na gwaji ne. Mai tsaro zai ɗora hannu a ƙugun abokin karawarsa ya saurara. In usur ta yi shiru, ya san iyakar gonarsa ta yau. In ta yi ƙara, sai ya janye hannu ya koma tsaro da ƙafa. Wanda bai karanta alƙali da wuri ba, benci zai ɗumama, don yawancin kociyoyi na cire mai laifi biyu har a dawo hutu.

Dubi wasan ƙarshe na gasar NCAA ta 1983. Jami'ar Houston na da Hakeem Olajuwon ɗan Legas, ga kuma Clyde Drexler. Kafin hutu Drexler ya tara laifi huɗu, sauran wasan ya yi shi a ɗarare. Abokiyar karawarsu, jami'ar NC State, ta ci 54 da 52, duk da Olajuwon ne aka zaɓa gwarzon gasar.

Alƙalai ma suna bi, su uku ne a fili, amma ta baki. Gogagge zai ce wa yaro "sauke hannunka" kafin ya busa, ya gane wanda zafin wasa ya ɗiba da wanda ya zo da mugunta. Wannan na yarda da shi, don ɗalibai ne, wasu ba su kai shekara ashirin ba.

Inda ban yarda ba shi ne alƙalin da ke sauya ma'auni a mintunan ƙarshe, wai a bar yara su yi wasa, ko don ihun 'yan kallon gida ya cika masa kunne. Yaron da ya daidaita tsaronsa da usur ɗin farko, da me zai auna na ƙarshe?

Ka gaida kocinku.

Yayanka.