A Ceto Waƙoƙin Sojojinmu Na Yaƙin Bama

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in tuna da wasu bayin Allah da ba a ambatonsu, wato sojojin da suka riƙa ba da waƙa a rundunar Gwalkwas (Ghana ta yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Kakana, Allah ya jiƙansa, yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma wadda ta yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944. Idan muka kewaye shi a ƙofar gidanmu da ke Aboabo bayan sallar isha'i, ba ya son a tambaye shi labarin harbi, amma da zarar an taɓo waƙa sai ya gyara zama. Yakan ce a ƙungiyarsu akwai wani siririn soja mai zaƙin murya, wanda idan tafiya ta yi tsawo, kaya suka danne wuya, ƙafa ta kumbura cikin takalmi, sai ya ɗaga waƙa a hankali, na bayansa su karɓa, har amshi ya kai ƙarshen layi. Da yake Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, Bafarafare da Badagombe da Bamoshe duk da ita suke amshi. Waƙoƙin ba su cika zancen jarumtaka ba. Tuwon gida suke ambata, da damina, da matar da aka baro da goyo. A inda abokan gaba suke kusa kuwa an hana ko tari, don haka waƙar takan koma cikin zuci sai an kai sansani, a kifa garwa ta zama ganga.

Ingila ba ta manta da Vera Lynn ba, wadda ta je Bama a 1944 ta rera wa sojoji waƙa, kuma da ta rasu a 2020 tana da shekara 103 ƙasar ta yi juyayinta. Ta cancanci hakan. Abin da yake ci mini rai shi ne, muna da Burma Camp a Accra da barikin Uaddara a nan Kumasi suna riƙe da sunayen fagagen daga, amma mawaƙin da ya ɗauki kakana ya haye duwatsu da muryarsa, ko mu jikoki ba mu riƙe sunansa ba.

Saboda haka ina kira ga sashen Hausa na GBC, gidan rediyon ƙasar Ghana, da gidan tarihin soja da ke Kumasi Fort su shiga zangunanmu da na'urar ɗaukar murya. Ni ina riƙe da waƙa biyu. Gwaggona, wadda ta haura shekara 80, tana riƙe da fiye da haka, kuma har yanzu muryarta tana fita.

Wassalam,
Jikan wani tsohon soja,
Aboabo, Kumasi.