Yaranmu da kayan Halloween ɗin da suke gani a waya

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ɗan ba ni fili.

Kwanan nan yarana sun ishe ni da wani abu wai shi Halloween, a wayar yayansu suka gani, yaran Amurka na sa kayan dodanni ran 31 ga Oktoba suna bi gida gida ana ba su alawa, ga kabewa an fafe an yi mata ido da baki an kunna kyandir a ciki. Autana har da kuka wai sai an sayo masa irin kayan. Na ce kai wannan ai tashe ne, mu namu sai azumi ya kai goma, kuma ba ma sayen komai.

Uwarsa ta ɗauko tsohon buhun taki ta huda wurin wuya da hannuwa, ta liƙa masa gemun auduga da ƙaro, ta shafa masa baƙin tukunya a goshi, ya samu karan dawa yana dogarawa yana tari irin na tsofaffi, kakarsa dariya har da hawaye. Amma kabewa kam na hana, haka kawai a lalatar da abin miyar taushe?

Lokacin ma bai dace da mu ba, kaka ce kowa na gona, an yanke gero ana cirar gyaɗa, yara na dawowa liƙis da magariba. Roƙona iyaye da malaman firamare su koya musu tashe tun kafin azumi, don bara a ƙauyenmu 'yan kaɗan ne suka fita.

Daga wani manomi, ƙaramar hukumar Ringim, Jigawa