Kunun zaƙi da giya hanyarsu ɗaya, sai a mararraba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana da iyayenmu mata da ƙannenmu masu sana'ar kunun zaƙi. Duk shekara idan bazara ta shigo, kukan ɗaya ne: an dama kunu da dare, kafin la'asar gora ta kumbura, an buɗe iska ta feso, ɗanɗano ya juya. Wasu su ce baki ne, wasu su ɗora wa gero laifi. Magana ta gaskiya, ko da ba ta da daɗin ji, ita ce mai kunun zaƙi da mai burkutu hanya ɗaya suke bi har zuwa wani wuri. Wadda ta san wannan mararraba ba za ta yi asarar jarinta ba, ba kuma za ta shayar da mutane abin da ba su nema ba.

Hatsi gari ne marar zaƙi. Abin da ke mayar da shi sukari wani sinadari ne mai suna amilas, wanda ake samu a tsiron hatsi da kuma busasshen dankalin Hausa. Shi ne sirrin zaƙin kunu, kuma shi ne matakin farko a kamfanin giya. Da gwamnati ta hana shigo da sha'ir a 1988, tsiron dawarmu kamfanonin suka koma wa. Bambancin yana mataki na biyu: mai giya yana son yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa da iska, mu kuwa aikinmu mu hana shi.

Ga ma'aunin da za a iya farawa da shi: gero kilo 1, busasshen dankali giram 150 ko tsiron shinkafa kwatankwacin haka, citta giram 30, kanumfari da masoro kaɗan, ruwa lita 5. A jiƙa geron awa 12, a sauya ruwan sau ɗaya a tsakani, a wanke, a rege. Jiƙon da ya haura kwana ɗaya a wannan zafi ya riga ya fara tsami tun kafin a je injin markaɗe.

Bayan markaɗe a raba ƙullun uku. Kashi biyu a sheƙa musu tafasasshen ruwa ana juyawa har su yi kauri kamar koko. Kashi ɗayan a bar shi ɗanye, a haɗa shi da markaɗaɗɗen dankalin ko tsiron. A nan ne mafi yawan kunu yake mutuwa. Amilas yana aiki sosai tsakanin digiri 60 da 70 a ma'aunin Selshiyos, idan zafi ya kai 80 kuwa ya ƙone ke nan. Wadda ta juye ɗanyen ƙullu a kan kunu yana tururi za ta wayi gari da abu mai kauri, salam, sai ta yi ta ɗura sukari. Wadda ta bari ya huce sarai ita ma ba ta tsira ba, domin amilas zai yi nawa, ƙwayoyin tsami su riga shi. Idan babu ma'aunin zafi, a gwada da wankakken yatsa: ya shiga amma ya kasa zama, to lokaci ya yi. A haɗa, a juya sosai, a rufe, a lulluɓe tukunyar da bargo don zafin ya daɗe. Alamar aiki ya yi kyau ita ce cikin awa ɗaya zuwa biyu kaurin nan zai saki, ya tsinke.

Mai son yin tsiro da kanta ta samu shanshera, ta jiƙa kwana ɗaya, ta baza a kan jiƙaƙƙen buhu ta rufe, tana yayyafa ruwa safe da yamma kwana 3 zuwa 5, sannan ta shanya ya bushe ƙarau. Wanda ya yi fumfuna a zubar, kada a ji tausayinsa. Idan tsiron dawa ne, dole a murje saiwa da tohon a sheƙe su, domin suna ɗauke da gubar sayanayid. Makiyaya sun san abin da gyauron dawa ke yi wa shanu.

Kwanan da kunu ke yi kafin a tace, awa 8 zuwa 10 ya isa. A wannan lokacin ƙwayoyin bakteriya masu yin tsami irin na nono suke ba shi ɗan gardin da ake so. Da zarar ya wuce haka, yis da ke cikin iska da jikin ƙwarya da abin tata zai karɓi aiki, kuma zafin ɗakunanmu na digiri 30 zuwa 35 shi ne abin da yake so. Kumfa a sama, gora mai tauri kamar dutse, wari mai hawa hanci, ɗanɗano mai cizon harshe: duk shaidar yis ce. Hukuncin shan irin wannan na malamai ne, amma a ruwayar Muslim an ce jiƙon zabibi da ake yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya wuce yammacin kwana na uku. Kununmu a Afrilu ko kwana ɗaya da ƙyar yake kaiwa.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adar zuba ragowar kunun jiya a cikin na yau don kada a yi asara. Masu burkutu da gangan suke yin haka, don tsohon ya tayar da sabon. Haka nan zuba sukari tun da dare, abinci ne kawai aka ajiye wa yis. A bari sai an tace, dab da ɗurawa.

Firji yana rage wa yis gudu ne, ba ya kashe shi, kuma kowa ya san halin wutarmu. Abin da ke kashe shi zafi ne, dabarar da masanin kimiyya Louis Pasteur ya fito da ita a Faransa a shekarun 1860. Bayan tacewa a mayar da kunun kan wuta marar ƙarfi, a riƙe shi wajen digiri 70 na minti 20 ana juyawa, kada ya tafasa. Zai ɗan ƙara kauri, sai a sake shi da tafasasshen ruwa. A bari ya huce a rufe kafin a ɗura, don gorar roba tana lanƙwashewa da zafi.

Gorunan tsintuwa kuwa, ɗauraya ba ta isa. A wanke da sabulu da buroshi har murfin, a jiƙa minti 2 a ruwa lita 4 da aka zuba wa babban cokali ɗaya na bilic marar ƙamshi, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce, a kife su bushe. Abin tata da muciya su ma a tafasa su kowace rana, kuma ƙwaryar da ta tsage a daina dama kunun sayarwa a cikinta.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Zariya