Faifan Slade na 1974 da aka yi wa riƙon sakainar kashi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani faifan garmaho na makaɗan Ingila wanda nake ganin an yi wa riƙon sakainar kashi fiye da shekara hamsin. Sunansa Slade in Flame, na ƙungiyar Slade, kuma kamfanin Polydor ne ya fitar da shi a watan Nuwamba na 1974.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, Slade samari huɗu ne 'ya'yan leburori daga yankin Wolverhampton, wato Noddy Holder mai rera waƙa, da Jim Lea mai jitar bas wanda kuma yake kaɗa piyano da gogen Turawa, da Dave Hill mai jita, da Don Powell mai ganguna. Suna cikin jagororin salon da ake kira glam rock, tare da su Marc Bolan da David Bowie, salon da makaɗansa ke hawa dandamali da tufafi masu ƙyalƙyali da takalma masu dogon dunduniya. Holder kansa doguwar hula yake sawa wadda aka manna wa ƙananan madubai, idan fitila ta haska ta sai hasken ya watsu a kan 'yan kallo. Tsakanin 1971 da 1973 waƙoƙinsu shida suka hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya, kuma duk waƙoƙin ihu da tafi da buga ƙafa ne. Wannan suna da suka yi shi ne ya zame wa faifan da nake magana a kai ƙarfen ƙafa.

An shirya faifan ne domin fim ɗinsu mai suna Flame, wanda Richard Loncraine ya ba da umarni kuma aka fara nuna shi a farkon 1975. Masoyansu sun je silima da tsammanin barkwanci, sai suka tarar da labari mai ɗaci na wasu makaɗa da dillalai da masu kuɗi suka tatse har zumuncinsu ya watse. Waƙoƙin ma haka suka fito da nauyin da ba a saba ji daga gare su ba.

Wadda ta fi kowace a wurina ita ce ta farko, How Does It Feel. Na fara jin ta ina ɗalibi a Birmingham a lokacin sanyin 1975, a wani ɗaki da sai na jefa kwabo a mita kafin murhun gas ya kama. Na ɗora allura a kan faifan ina jiran hargowar da na saba, sai na ji piyano shi kaɗai yana tafiya a hankali, sannan muryar Holder ta shigo a sanyaye, muryar nan da aka sani da kaushi kamar ana goga ƙarfe a dutse. An ɗauki lokaci kafin ganguna su shigo, daga nan kakaki da sauran kayan busa suka taso suka cika ɗakin, sannan komai ya sake lafawa ya bar piyanon kamar yadda aka fara. Kusan minti shida ake yi, amma babu inda mai sauraro zai ce a yanke. Jim Lea ya tsara karin tun shekaru kafin fim ɗin, ya ajiye shi saboda bai yi kama da abin da ake nema daga Slade ba. Da aka fitar da ita a ƙaramin faifai a 1975, a matsayi na 15 ta tsaya, alhali waƙoƙinsu 12 da suka gabace ta a jere babu wadda ta kasa shiga cikin biyar na farko. Har yau ban daina jin takaicin wannan ba, domin a daidai lokacin da mutanen nan suka nuna iyakar gwanintarsu ne masu saye suka juya musu baya.

Ta biyu a wurina ita ce Far Far Away, kuma ita kaɗai ce ta samu abin da ya kamace ta, don ta kai matsayi na 2. Holder ya faro ta ne suna yawon wasa a Amurka, yana kallon kogin Mississippi daga masaukinsu a birnin Memphis. Waƙar matafiyi ce wanda ya ga garuruwan duniya ya kuma ji daɗinsu, amma zuciyarsa tana gida. Ba sai an fassara wa wanda ya taɓa zaman baƙunci ma'anarta ba, kuma ni a wannan ɗakin na sha mayar da allura farkonta sau uku ko huɗu kafin in kwanta. Amshinta yana da sauƙin kamawa, jitar kuma ba ta yi wa muryar shisshigi ba.

Wanda yake son Slade ɗin da ya sani zai same su a Them Kinda Monkeys Can't Swing, mai gudu da zafi, inda Powell yake dukan ganguna kamar ba shi ne ya yi mummunan haɗarin mota a watan Yulin 1973 ba, haɗarin da ya bar shi da ciwon mantuwa. Standin' on the Corner, wadda ta rufe faifan, ita ma ta cancanci yabo saboda yadda kayan busa suke amsa wa jita. Ba zan ce duk waƙoƙin goma daidai suke ba. Summer Song da Lay It Down ba su kai sauran ba, ko da yake ba su ɓata tafiyar ba. Wajibi ne kuma a ambaci Chas Chandler, tsohon makaɗin ƙungiyar Animals wanda ya taɓa riƙe ragamar Jimi Hendrix, domin shi ya kula da ɗaukar sautin, ya bar kowane kayan kiɗa ya fito sarai.

Faifan ya tsaya a matsayi na 6, bayan uku da suka gabace shi duk sun kai na ɗaya. A 1975 ƙungiyar ta koma Amurka neman kasuwa, ba ta samu yadda take so ba, kafin ta dawo kuwa zamani ya juya. Yanzu idan aka ambaci Slade a Ingila, waƙarsu ta Kirsimeti ta 1973 ake tunawa da ita, sai kuma hular madubai.

Roƙona ga masu gabatar da shirye-shiryen tsofaffin waƙoƙin Turawa a gidajen rediyonmu shi ne su nemo How Does It Feel su sa ta tun daga piyanon farko har na ƙarshe, ba tare da sun yi magana a kanta ba. Nawa faifan yana nan a cikin kwalinsa, ya ɗan karce a gefe na biyu, kuma a shirye nake in ba da aronsa.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
wani tsohon malamin makaranta, daga Zariya