Zuwa ga Abba, Kafin Ka Biya Kuɗin Mota

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Innarka na gaishe ka. Ƙafar tata da sauƙi, har tana fita tsakar gida ba sanda.

Abba, magana ta iso mini ta bayan gida. Bakin yayarka ne ya suɓuce ranar sunan gidan Kawu, ta ce ka gama shawara, Legas za ka, har ka fara sayar da kayan ɗakinka na Zariya. Kada ka yi mata faɗa. Da ƙaramar salla mun zauna da kai a zaure, na tambaye ka ina ka dosa bayan bautar ƙasa, ka ce kana dubawa tsakanin Kano da Abuja. Legas ba ta fito daga bakinka ba. Ashe har yaran gida sun sani, ni ne na ƙarshen ji. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don a waya sai ka yi ta "to Baba, to Baba", ka ajiye, ka yi abin da ka yi niyya.

Ba da ka zan yi maka maganar Legas ba. Tun ba a haife ka ba nake bin motar tumatir da albasa zuwa kasuwar Mil 12, na kwana kan buhu, na ci tuwo a Agege. Garin akwai kuɗi, ba na musu. Abokin nan naka da ya ce maka cinikin waya na rana ɗaya a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, ya fi na mako a nan, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma ya gaya maka abin da ke fita? Mai gida zai ce kuɗin shekara cur zai karɓa, dillali ya yanki nasa, a kawo maka kuɗin takardar yarjejeniya, duk kafin ka shimfiɗa tabarma. Ɗakin da za ka iya biya ba zai kasance kusa da Ikeja ba. Za ka fito tun kafin assalatu, ka dawo bayan isha, rabin rayuwarka a cikin motar haya ta danfo kana shaƙar hayaƙi a gosulo. Ka tambayi yaran unguwarmu da suka je acaɓa. Da aka hana sana'ar a Ikeja da Apapa da Surulere da sauran wuraren a watan Yunin 2022, aka bi ana kama babura ana murƙushewa, wasunsu da leda kawai suka dawo. Ina kasuwa lokacin rikicin Idi-Araba na 2002, na ga yadda mutum ke kwana da takalmi a ƙafa. A 2016 kuma aka rufe Mil 12 ɗin kanta bayan faɗa, tumatir ɗin mutane ya ruɓe a kan mota.

Na san amsarka, don na ji ka kana faɗa wa ƙannenka: ai Dangote ɗan Kano ne, a Legas ya yi arziki, ga matatar mansa can a Lekki. Haka ne. Shi fa yana da jirginsa, in aka kira shi da hantsi, kafin azahar yana Kano. Kai da me za ka zo?

Abuja ba zan daɗe a kanta ba. Yawancin masu cewa suna zaune a Abuja a Mararaba ko Masaka suke kwana, cikin jihar Nasarawa, ko Suleja ta jihar Neja. Gari ne na mai albashi da mai kwangila. Kai da ba ka da ko ɗaya, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ribarka. Duk da haka da Abujar ka ce, da ban rubuta wannan takarda ba.

Abin da ke hana ni barci daban ne, kuma kai ma ka san shi. Baffanka. Shi ma da zai tafi cewa ya yi shekara biyu zai yi ya haɗa jari. Ranar da Hajiya ta cika, da asuba ne, muka aika masa. Kafin la'asar mun dawo daga makabarta. Shi sai ranar sadakar uku ya sauka daga mota, ƙafafu a kumbure, ya tsaya a ƙofar zaure ya kasa shigowa. Ta yi ta kiran sunansa a daren, kana yaro amma kana ɗakin, ba sai na tuna maka ba. Da nasa lokacin ya zo, a waya muka ji. Waɗanda suka yi masa wanka da sutura Allah Ya saka musu, amma har yau ban san kabarin ƙanena ba. 'Ya'yansa da suka zo bikin yayarka ka gansu, sai da aka nuna musu ɗakin da ubansu ya girma, ba su iya gaida tsofaffi da Hausa ba.

Mu ba a ajiye mana gawa a jira na nesa. Tsakaninmu da Legas ya kai kilomita dubu, kwana ake yi a hanya, in hanyar ta yi kyau ke nan. Ni na haura saba'in, hawan jini ka san yadda yake yi mini da sanyi. In ta Allah ta kasance, wa zai shiga kabari ya karɓe ni? Wa zai zauna a zaure a yi masa gaisuwa? Ƙanenka da ko gemu bai tsiro ba? Kai ne babban namiji a gidan nan, sunan mahaifina gare ka, shi ya sa ko sunanka ba na iya kira. In dare ya raba sai in ga kamar ga ka a tashar Agege kana neman mota, mu kuma an riga an ɗauke ni. Na kan tashi in yi alwala don in kore shi, ya ƙi tafiya.

Za ka ce na fiye tsare ka, kamar yadda ka ce lokacin da na hana ka karatun can kudu. Wanda ya sayar da shanun noma biyu ya kai ka jami'a ba zai ƙi ka da arziki ba. Gonar Fadama da na ƙi sayarwa kuka yi ta gunaguni, ita ta ci da mu bara. Kuma bari in gaya maka, ɓoye mini da ka yi rashin kunya ne. Ba haka na rene ka ba. Namijin da zai zauna a garin mutane shi kaɗai, ya fara iya duban ubansa ya faɗi abin da ke ransa. In ba ka iya wannan ba, yaya za ka yi da 'yan tashar Oshodi?

To, na faɗa, ya wuce. Na san ba ƙina kake yi ba, gajiya ka yi da zama ba ko sisi, kana ganin sa'o'inka na turo hotuna.

Ka sake duba Kano. Ba zan yabe ta fiye da kima ba: wuta sai an ga dama, ruwa sai na 'yan garuwa, ga masu ƙwacen waya da magariba. Amma sana'ar taka ta gyaran waya tana nan a kasuwar Farm Centre, rumfa na gogar rumfa, kuma har daga Nijar ake zuwa sari. Garin da ke da Kantin Kwari da Singa da Dawanau ba ya rasa mai lalatacciyar waya. Ɗan Gwaggonka na Kurna ya ce ɗakin zaurensu babu kowa, ka zauna har ka tsaya da ƙafarka. In ka yi asuba ka hau mota, da hantsi kana gida. Ko kayan da kake kwaɗayi na Legas, 'yan kasuwar Kano zuwa suke su saro su dawo, ba wanda ya ce sai ka tare can. Ka yi shekara biyu, in ka ga ba ta karɓe ka ba, ni da kaina zan sa maka albarka ka tafi inda kake so.

Kada ka ba kowa kuɗin ɗaki ko na mota. Ka zo ranar Alhamis, mu yi Juma'a tare mu zauna da Kawu. Akwai buhunan masara da na ajiye, in an sayar za su yi maka kuɗin rumfa. Innarka ba ta san na rubuto ba, kada ka nuna mata a fuska. In za ka taho ka biya Sabon Gari ka sayo mata man zafin nan, nata ya ƙare.

Allah Ya yi maka albarka, Ya zaɓa maka mafi alheri.

Mahaifinka.