Wasiƙa zuwa ga Edita: Likita ya ce in tsaya, ofis ya ce sai na cika notis

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan notis ɗin ajiye aiki, don abin ya faru a kaina kuma na san akwai masu fama da shi yanzu haka sun yi shiru.

Shekara shida ina aiki a wani sito, lodi da sauke kaya, wani satin dare wani satin rana. Bara bayana ya fara ciwo, tun ina shan magani ina dannewa har ta kai in na sunkuya zan ɗaure igiyar takalmi sai na dafa bango na jira ƙafar hagu ta daina tsami kafin in miƙe. Da aka yi hoto likita yace faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya goce yana danne jijiya, yace kar in sake ɗaga kaya mai nauyi. Na rubuta takardar ajiye aiki na haɗa da ta likita na kai ofis, matar da ke kula da ma'aikata ta buɗe fayil ɗina ta ɗora yatsa kan layin da na sa hannu tun ranar da aka ɗauke ni, tace malam wata uku ne notis ɗinka, ko ka yi su ko ka biya albashin wata ukun. Takardar likitan ko warware ta ba ta yi ba. Wallahi na fito na zauna a kan matakala na fi minti ashirin, ga ciwo ga tunanin ina zan samo kuɗin wata uku ni da nake barin aiki saboda jinya.

Ni ban ce notis ba shi da amfani ba, yana da shi mana, don mai kamfani ya samu lokacin neman wani a kuma miƙa aiki hannu da hannu, in shi ya sallame ka ma kai yake karewa. To amma wanda ba ya iya sunkuyawa me zai tsinana musu a wata ukun? Ba abin da za a samu sai ƙarin rauni.

Ina kwance na yi ta bincike a waya, sai na ga ashe wasu ƙasashen sun daɗe da warware wannan. A dokar ƙwadago ta ƙasar Cek da ke Turai, in likita ya rubuta cewa ci gaba da aikin babban haɗari ne ga lafiyarka kuma mai aikin bai ba ka wani aikin da ya dace ba cikin kwana 15, kana iya barin aiki nan take ba notis. Polan ma tana da irin wannan a sashe na 55 na dokarta. A Ingila kuwa dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 mafi ƙarancin abin da ta ɗora wa ma'aikacin da ya yi wata guda shi ne notis ɗin sati ɗaya, duk abin da ya haura haka daga kwantiragi yake fitowa, kuma abin da mutum biyu suka ƙulla ai su biyun suna iya sassauta shi in sun ga dama.

Wannan ɗin ne ya fisshe ni. Na daina magana da baki, na rubuta wa manaja wasiƙa na ce ina neman a rage notis saboda lafiya, ga takardar likita, ga kwanakin hutun shekara da nake bi ban ci ba a lissafa su a ciki, sauran kwanakin kuma zan zauna a kan kujera in koya wa wanda zai gaje ni littafin shiga da fitar kaya. Sai da aka yi kwana tara ana ce min a dawo gobe, daga baya ya yarda da sati uku. Na ce a rubuta min ranar ƙarshe a takarda ya sa hannu, kuma na gode Allah da na yi hakan, don da aka zo biyan haƙƙina wani a ofishin kuɗi ya so ya yanke wai na gudu ban cika notis ba, takardar nan na zaro daga aljihu.

Abin da har yanzu yake min ciwo a rai shi ne sai da na roƙa kamar mai neman alfarma, kuma da manajan ya ƙi ban san inda zan dosa ba. Akwai wani abokin aikina mai hawan jini da aikin dare yake kayar da shi, ya ga yadda aka yi da ni ya fasa rubuta tasa takardar, har yau yana can yana shiga dare.

Shi ya sa nake roƙon ka Edita ku gayyato lauyan ƙwadago da likita su yi wa masu karatu bayani a wannan shafin, mutum ya san me zai duba a kwantiragi kafin ya sa hannu, da wurin da zai kai ƙara in an ƙi kallon takardar asibitinsa. In kun buga zan yanke shafin in kai wa abokin nan nawa.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum