Amsa ga ƙanena mai neman littafin aƙida da zai fara da shi

Assalamu alaikum ƙanena,

Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa kana son fara karatun aƙida amma ka rikice, wayarka cike take da littattafan da ka sauke, wani yace ka fara da Sharhin Ɗahawiyya wani yace a'a Ummul Barahin. Tunda a fili ka tambaya bari in amsa a fili, don nasan ba kai kaɗai bane.

Ni dai shawarata ka ajiye su duka tukuna ka ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wannan dai da ake sayarwa a kasuwar Kurmi da bakin masallatan Juma'a, ka karanta babin farko, wanda shine na aƙida, a gaban malami. Shafuka kaɗan ne, kuma shi malamin, wanda ya rasu a 386 bayan hijira, don koyar da yara ya rubuta ta tun asali, amma wallahi da yawa cikin masu zafin muhawara yau idan ka ce su fassara maka babin nan kalma bayan kalma sai ka ji sun fara tari. Abin da yasa na zaɓe ta shine ɗan Izala yana karantar da ita, ɗan ɗariƙa ma yana karantar da ita, ba wanda zai ce maka littafin wasu ne.

Amma fa ka lura da sharhin da ka riƙe, nan ne mutane ke faɗawa rami basu sani ba. Matani ɗaya ne, sharhi kuma kowa da makarantarsa. Akwai wurin da yace "wa annahu fauƙa arshihil majidi bi zatihi", wato maganar kasancewar Allah bisa Al'arshi, toh ka duba yadda Nafrawi ya bayyana shi a Fawakihud Dawani sannan ka duba yadda Shaikh Abdulmuhsin Al-Abbad ya bayyana shi a Ƙaɗful Janad Dani, zaka ga hanya ta rabu biyu, ɗaya fahimtar Ash'ariyya ɗaya ta Salafiyya. Don haka kafin ka sayi kowane littafi ka tambaya waye marubucin, wane zamani yayi, wace makaranta yake bi, kar bango mai ruwan zinare ya ɗebe ka.

Bayan Risala sai ka bi jerin malaminka. Idan zauren gargajiya kake zuwa za a kai ka Ummul Barahin ta Sanusi mutumin Tilimsan wanda ya rasu a 895 bayan hijira, da siffofin Allah ashirin ɗin nan, daga nan Jauharatut Tauhid ta Laƙƙani. Idan islamiyyar Ahlus Sunna ce kuma Usulus Salasa ne da Kitabut Tauhid na Muhammad bin Abdulwahhab, sai Wasiɗiyya ta Ibn Taimiyya, sai matanin Ɗahawiyya. Shi Sharhin Ɗahawiyya na Ibn Abil Izz da aka ce ka fara da shi, wanda ya baka wannan shawarar bai kyauta maka ba, littafi ne babba mai cike da martani kan ƙungiyoyin aƙida irin su Mu'utazila da Jahmiyya, kai ko nahawu baka gama Ajrumiyya ba ina zaka kai shi?

Littattafan raddi, wato na mayar da martani, kam ka bar su yanzu, dan Allah. Yaro ya karanta ɗan littafi ɗaya sai ya koma gida yana yi wa mahaifiyarsa jarrabawar imani, alhali Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa yayi rubuce-rubuce yana sukar ɗaliban ilmul kalam (kafa hujjar aƙida da hankali) na zamaninsa da suke kafirta talakawa don kawai basu iya kawo hujja irin tasu ba.

Ka samu malami mai zama bayan asuba ko tsakanin magariba da isha, ka riƙa zuwa da littafinka na takarda da biro kana rubuta ma'ana a gefe, layi biyar a rana ya ishe ka, kafin a ƙara maka kuma ka biya na jiya. Karatun da ake sa wa a waya ka saurara don maimaici, amma shi ba zai tsayar da kai ya gyara maka wasali ba.

Ka gaida mutanen gida.
Yayanka